Ƙwallon ciyawa a filin rani: yadda za a zaɓi ƙwallon da za ta daɗe a busasshiyar ƙasa

Da an kwashe amfanin gona a ƙasar Tofa, wajen watan Nuwamba, sai kakar tamaula ta buɗe. Daga Doka zuwa Lambu, daga Langel zuwa Yanoko da Janguza, duk yamma bayan La'asar za ka tarar da samari da yara a filin makarantar firamare ko a wata gonar da aka share, an kafa sanduna biyu a matsayin raga. Yankin yana cikin wuraren da gonaki suka fi cunkushewa a kewayen birnin Kano, saboda haka da wuya ka ga filin ciyawa da ake ba wa ruwa. Abin da ke akwai shi ne busasshiyar ƙasa, wani wurin rairayi, wani wurin tauri kamar daɓe.

Yadda aka saba shi ne a yi karo-karo, a tura mutum ɗaya ko biyu kasuwar Sabon Gari su sayo ƙwallo. Su kuma idan sun je, idonsu yana kan irin wadda suke gani a gidan kallo ranar wasan Firimiya, mai taushi da ƙyalli. Bayan 'yan makonni fatar ta fara saɓulewa, ɗinki ya buɗe, iska ta daina zama. Daga nan sai zargi ya biyo baya: ko an sayo jabu, ko wanda aka aika ya rage kuɗi ya sa aljihu. Jabun kaya dai suna nan a kasuwa, ba a musu. Amma ko ta asalin aka sayo, ƙarshenta a irin wannan filin ba zai bambanta sosai ba, domin ba don shi aka ƙera ta ba.

Saƙon wannan rubutu guda ɗaya ne: fili shi ke zaɓen ƙwallo, kuma a busasshen fili sau da yawa ƙwallo mai matsakaicin kuɗi ta fi mai tsada amfani. Bari mu ga dalili.

Darasi daga wasan bolin

Babu wasan da ya ɗauki alaƙar ƙwallo da ƙasa da muhimmanci kamar wasan bolin, wanda ya fi shahara a Amurka, kuma ana samunsa a wasu wuraren shaƙatawa na Abuja da Legas. A wasan, mutum yana gara ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanya mai santsi don ya kayar da 'yan sanduna 10 masu siffar kwalba da aka jera a ƙarshenta. Tsawon hanyar daga layin jifa zuwa sandar farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da ɗan ɗoriya, faɗinta kuma ya ɗan wuce mita 1. Nauyin ƙwallon ba ya wuce fam 16, kimanin kilo 7.26.

Abin da baƙo ba ya gani shi ne akwai mai a kan hanyar. Ana shafa ɗan siririn mai, wanda duka bai fi cokali biyu na cin abinci ba, a kan kusan kashi 2 cikin 3 na farkon hanyar, a bar ƙarshenta a bushe. Idan gwani ya jefa ƙwallon tana juyawa ta gefe, sai ta zame a kan man ba tare da ta karkace ba. Da ta isa busasshen wuri sai ta kama ƙasa, ta lanƙwasa, ta shiga tsakanin sandunan a karkace. Wannan shiga a karkace ita ke kayar da su duka a bugu ɗaya.

Ƙwallayen bolin masu tsada, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1990, fatarsu tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, masu tsotse mai don ƙwallon ta kama ƙasa ko da man ya yi yawa. To, me zai faru idan hanyar ta bushe, ko don an daɗe ana wasa a kanta ko don masu wurin ba su shafa mai sosai ba? Ƙwallon mai tsada za ta kama ƙasa tun daga farko, ta lanƙwasa kafin lokaci, ta ƙarar da juyinta a tsakiyar hanya, ta isa wurin sandunan a gajiye ko ma ta kauce musu. Shi ya sa shawarar da ake ba sabon ɗan wasa a busasshiyar hanya ita ce ya sayi ƙwallo mai fatar roba mai tauri da santsi, ko wadda aka goge fatarta ta yi sumul. Su ne mafi arha a shagon, kuma su suka fi dacewa da wurin.

Ka ga ke nan kuɗin da aka ƙara wa ƙwallo mai tsada an kashe shi ne wajen maganin santsi. Inda babu santsi, maganin ya zama cuta. Haka abin yake a ƙwallon ƙafa, sai dai a wurinmu illar ta fi fitowa ta fuskar lalacewa da yawan tsalle.

Zamewa da mirginawa

Idan abu biyu suka haɗu ɗaya yana motsi a kan ɗaya, akwai wani ƙarfi da ke turje wa motsin. Shi muke kira gogayya. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya bayyana ƙa'idojinta a 1699, daga baya Charles Coulomb ya faɗaɗa su a shekarun 1780. A taƙaice, ƙarfin gogayya ya dogara da abu biyu: yadda aka danna abubuwan a kan juna, da kuma irin fuskokin da suka haɗu. Ana auna na biyun da lamba. Lambar tana da ƙanƙanta a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, tana da girma a kan busasshiyar ƙasa mai kaushi.

Yanzu ka lura da abin da ke faruwa idan ka ba da fasin na ƙasa. A lokacin da ƙwallon ta bar ƙafarka, ba mirginawa take yi ba, jan ciki take yi a kan ƙasa. Gogayya tana riƙe ƙasanta, sai hakan ya rage mata gudu kuma ya sa ta fara juyawa. Gudun yana raguwa, juyin yana ƙaruwa, har su daidaita. Daga nan ne take fara mirginawa ta gaskiya, inda fatarta ke taɓa ƙasa ta ɗaga ba tare da ta goge ta ba. Wani masanin lissafi, Gaspard Coriolis, ya yi wannan lissafin a littafinsa na 1835 kan wasan biliyad, ɗan'uwan sinuka. Ƙwallo curarriya irin ta sinuka tana fara mirginawa ne idan gudunta ya sauka zuwa kashi 5 cikin 7 na gudun farko. Ƙwallo mai rami a ciki irin ta ƙafa kuwa, sai gudun ya sauka zuwa kashi 3 cikin 5.

Abin mamaki a lissafin shi ne wannan adadi bai damu da irin filin ba. Ko a ciyawa ko a rairayi, ƙwallon ƙafa da aka buga ba juyi sai ta yi asarar kashi 40 cikin 100 na kuzarinta kafin ta fara mirginawa. Abin da filin ke canzawa shi ne tsawon tazarar da za a yi asarar, da kuma wanda zai sha wahalarta.

Mu ɗauki misali don a fahimta. A ce an buga ƙwallo da gudun mita 10 a daƙiƙa. Idan lambar gogayyar filin 0.2 ce, kamar wuri mai santsi, za ta zame kusan mita 16 kafin ta fara mirginawa. Idan lambar 0.5 ce, tazarar ta koma kusan mita 6 da rabi. Kuzari ɗaya ne ya salwanta, amma a fili na biyu ya salwanta a gajeriyar tazara da ƙarfin guga ninki biyu da rabi. A zahiri ƙafa tana ba ƙwallo ɗan juyi tun wurin bugu, don haka asarar ba ta kai haka kullum, amma tsarin bai canza ba. A jiƙaƙƙiyar ciyawa, ganyen ciyawa da ruwa su ke ɗaukar gugar. A busasshiyar ƙasa, fatar ƙwallon ce ke ɗauka.

Abin da ke cikin ƙasar Tofa

Ƙasar noma ta kewayen Kano galibinta mai rairayi ce, wadda iska ta kwaso ta jibge tun zamanin da. Yawancin ƙwayoyin rairayi wani ma'adini ne da masana ke kira kwaz. A ma'aunin tauri na Friedrich Mohs, wanda ya fito da shi a 1812 kuma ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana mataki na 7. Gilas ɗin taga yana wajen 5 da rabi, farcen mutum yana wajen 2 da rabi. Abin da ke iya karce gilas, yaya zai yi da fatar roba mai taushi? Idan ka tuna cewa samfefar da kafinta ke goge katako da ita takarda ce kawai da aka manna wa ƙwayoyi masu tauri, za ka gane cewa filin rani babbar samfefa ce aka shimfiɗa. Duk fasin ɗaya guga ɗaya ne. Da hunturu kuma iska tana ƙara kawo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga cikin ɗinki da bakin iskar ƙwallon.

Abu na biyu shi ne huda. Gonar da aka girbe tana da tushiyar dawa da gero masu kaifi. A gefen fili akwai tsidau, wanda 'ya'yansa ke da ƙaya mai ƙarfin da har tayar keke take hudawa, ga ƙayar gawo da ta aduwa da ta bagaruwa da ke zubowa ƙasa. Abu na uku shi ne taurin ƙasar kanta. Ciyawa mai danshi tana lotsawa idan ƙwallo ta faɗo, ta shanye wani ɓangare na bugun. Ƙasar da ta yi watanni ba ta ga ruwa ba, kuma ƙafafu suka tattake ta, ba ta lotsawa. Duk ƙarfin bugun ƙwallon ce ke shanye shi ita kaɗai.

Fatar ƙwallo: wace matsala aka yi ta don ta magance?

Tarihin ƙwallon zamani tarihin yaƙi da ruwa ne. A da ana ɗinka ƙwallo da fatar shanu. A damunar Turai fatar takan sha ruwa ta yi nauyi, har buga ta da ka ya zama azaba. Ƙwallon gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya ita ce ta ƙarshe da aka yi da fata ta gaske. A 1986 a Meziko aka koma ga fatar roba zalla. A 2006 a Jamus aka fito da wadda aka manne ɓangarorinta 14 da zafi, babu zare ko ɗaya, don kada ruwa ya sami hanyar shiga. Jabulani ta 2010 tana da ɓangarori 8, Brazuca ta 2014 tana da 6. A saman fatar irin waɗannan ƙwallaye akwai ƙananan ƙuraje da zane don ta kama takalmi da safar gola idan ta jiƙe, a ƙarƙashinta kuma akwai soso mai taushi don daɗin taɓawa.

Duk wannan fasaha ce ta gaske, kuma ita ake biya. Amma daga Oktoba zuwa Afrilu a Tofa, ina ruwan yake? Ƙurajen nan su rairayi ke fara cinyewa. Da siririyar fatar sama ta ƙare, sai soson ya bayyana ya fara yagewa. Idan manni ya ɗaga, shumeka ba shi da inda zai sa allura.

Ga irin fatun da za ka tarar a shago. Akwai mai taushi da ake kira PU, wadda ake yi wa ƙwallayen gasa. Akwai TPU, wadda ake yawan sa wa ƙwallayen atisaye, tana jure guga daidai gwargwado. Akwai PVC, mai tauri da ƙyalli da arha, tana jure karce amma tana bushewa ta tsattsage idan ta daɗe a rana. Akwai kuma ta roba zalla da aka zuba a mazubi, wadda kamfanoni ke yi musamman don wasan titi da kan siminti. Ba ta da daɗin taɓawa kamar ta gasa, amma a wajen jure samfefa babu kamarta. Ga ƙungiyar unguwa mai buga wasa kullum a busasshen fili, zaɓin yana tsakanin ƙwallon atisaye mai kaurin fata da kuma ta roba irin ta titi.

Fata ta gaske ma ba ta mutu ba. Tun 2004 wata ƙungiya mai suna Alive and Kicking take ɗinka ƙwallayen fata da hannu a Nairobi ta ƙasar Kenya, daga baya ta buɗe a Zambiya da Gana, da nufin samar da ƙwallon da za ta jure filayen Afirka masu kaushi, kuma a iya gyara ta idan ta yage. Aibin fata shi ne shan ruwa, kuma wannan aibi ba ya aiki da rani.

Sai maganar ɗinki. Garin Sialkot na Pakistan shi ne cibiyar ɗinkin ƙwallo da hannu a duniya, kuma a can aka yi Brazuca. Ɗinkin hannu yana amfani da zare mai kauri, a ja shi sosai har ya nutse cikin tsagi, inda ƙasa ba ta taɓa shi. Ɗinkin inji ya fi arha, amma zarensa siriri ne kuma yana kusa da sama. Da rairayi ya cinye zare a wuri ɗaya, sauran sai ya warware. Tsohon tsarin nan na ɓangarori 32, guda 12 masu kusurwa 5 da guda 20 masu kusurwa 6, wanda ƙwallon Telstar ta 1970 ta shahara da shi, yana da wata fa'ida a ƙauye: idan ɓangare ɗaya ya buɗe, baduku ko shumeka zai iya ɗinke shi.

Iska da tsalle

Dokar wasa ta ce ƙwallon manya kewayenta ya kasance santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450, matsin iskar cikinta kuma tsakanin 0.6 da 1.1 a ma'aunin da ake rubutawa bar a jikin ƙwallo. Ka lura da faɗin wannan tazara. An bar ta haka ne don a daidaita da fili.

A gwajin da hukumar FIFA ke yi wa ƙwallaye masu babbar shaidarta, ana sakin ƙwallo daga tsayin mita 2 a kan farantin ƙarfe, kuma dole ta dawo sama tsakanin santimita 135 da 155. A filin ciyawa ba za ta yi wannan tsallen ba, domin ciyawa tana rage shi. Filin rani mai tauri kuwa ya fi kusa da farantin ƙarfen. Shi ya sa ake ganin wasa ya koma sama, ƙwallo tana ta tsalle tana wuce ƙirji, yaro ya kasa tsayar da ita balle ya koyi ba da fasin.

FIFA da kanta ba ƙwallo ɗaya ta amince da ita ga kowane fili ba. A wasan futsal, wanda aka fara a Montevideo ta ƙasar Uruguwai a 1930 kuma ake buga shi a kan daɓe mai tauri, ƙwallon ƙarama ce, kewayenta santimita 62 zuwa 64, kuma idan aka sake ta daga mita 2 tsallenta bai wuce santimita 50 zuwa 65 ba, wato iyakar gwiwa. A wasan bakin teku da ake bugawa ba takalmi a kan rairayi, matsin iskar 0.4 ne zuwa 0.6, don kada ta ji wa ƙafa ciwo. Fili uku, ƙwallo uku. Idan filinku ƙarami ne mai tauri, kamar harabar makaranta, ƙwallon futsal za ta iya fi muku. Idan babba ne, ku tsaya kan ƙwallon da aka saba amma ku sa iska a ƙasa-ƙasan abin da aka rubuta a jikinta, wajen 0.6 zuwa 0.7.

Akwai wani dalilin rage iska, kuma Amontons ɗin nan dai shi ya fara lura da shi: iskar da ke kulle cikin mazubi, matsinta yana ƙaruwa idan ta yi zafi. Mu lissafa. Da safen hunturu sanyi yakan sauka zuwa digiri 15. A ce an yi wa ƙwallo famfo a lokacin har 0.8, sannan aka bar ta a rana a kan rairayi ta kai digiri 45. Matsin zai hau zuwa kusan 1.0. Idan tun da safe an cika ta zuwa 1.0, da rana za ta kai kusan 1.2, ta wuce iyakar doka, ɗinki yana ta shan ja. Wurin mai faci kuma, injinsa na taya ne, yana iya cika ƙwallo fiye da kima cikin daƙiƙa kaɗan. Ƙaramin famfon hannu da geji sun fi aminci, kuma a yi famfon a lokacin da za a fara wasa.

Kada kuma a zarce wajen ragewa. Ƙwallon da ta yi laushi da yawa tana lotsewa a kowane bugu, ɗinki yana lanƙwashewa yana miƙewa har ya gaji, ga haɗarin gurɗewar ƙafa idan aka taka ta.

Robar ciki mai riƙe iska, wato bilada, iri biyu ce. Ta latas tana da taushi da daɗin bugu, ita ake yawan sa wa ƙwallayen gasa, amma iska tana tsiyayewa ta jikinta a hankali, sai an riƙa ƙara mata duk bayan 'yan kwanaki. Ta butil, robar da aka ƙirƙiro a Amurka a 1937 kuma ake yin robar cikin taya da ita, tana riƙe iska makonni. Inda famfo ɗaya ne a unguwa, butil ce zaɓi. Ga ƙarin riba: duk lokacin da aka soka allurar famfo, bakin iskar yana ƙara sakewa kuma ƙura tana shiga, saboda haka raguwar famfo ƙarin kwana ne ga ƙwallon.

Girma da nauyi ga masu koyo

A wasan bolin akan shawarci sabon shiga kada ya ɗauki ƙwallon da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa, domin ƙwallon da ta fi ƙarfin mutum tana lalata masa salon jifa kuma tana ji masa ciwo. A ƙwallon ƙafa ma haka ne. Lamba 5 ta manya ce, galibi daga shekara 13 zuwa sama. Lamba 4, mai kewayen santimita 63.5 zuwa 66 da nauyin giram 350 zuwa 390, ta 'yan shekara 8 zuwa 12 ce. Lamba 3 ta ƙananan yara ce.

A ƙauyukanmu ƙwallo ɗaya ce ke yi wa kowa aiki, yaro ɗan shekara 9 yana dukan lamba 5 da aka cika da iska, ba takalmi, a kan ƙasa mai tauri. Abin da yake koya shi ne buga ta da tsinin yatsa don ta yi nisa, da kauda kai idan ta taso. Maganar kai kuwa ba ƙarama ba ce: tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka. Malamin firamare ko uban da zai saya wa yara ƙwallonsu ta farko, lamba 4 ko 3 ya kamata ya nema.

Idan an je shago

Ka fara da tambayar kanka a ina za a buga ta, kuma su wa za su buga. Sannan ka ɗauki ƙwallon a hannu. Ka danna fatar da farce: idan ta lotsa kamar katifa, ta ciyawa ce. Ka nemi mai kauri da ɗan tauri, wadda fuskarta ba ta cika zane-zane masu zurfi ba. Ka matsa gefe biyu na ɗinki da manyan yatsu: idan zare ya bayyana fili kuma siriri ne, ba zai daɗe ba. Ka duba rubutun da ke kewaye da bakin iska, nan ake sa lambar girma da matsin da ya dace, wani lokaci har da irin biladar. Ka sa a yi mata famfo a gabanka, ka juya ta a ƙasa ka ga ko tana tafiya sak ko tana rangaji, ka ɗiga ruwa a bakin iskar ka ga ko zai yi kumfa. Daga ƙarshe ka sake ta daga tsayin saman ƙofa a kan siminti. Idan ta dawo wajen ƙirjin babban mutum, lafiya. Idan ta wuce kafaɗa, iskar ta yi yawa ga filin rani.

Idan kuɗin karo-karon ya kai na ƙwallon gasa guda ɗaya, ya fi kyau a raba shi: ƙwallayen atisaye biyu, famfon hannu da allurarsa. Ƙwallo biyu da ake musanyawa suna ba da damar kai ɗaya gyara ba tare da an tsayar da wasa ba. Idan ƙungiya tana da ƙwallo mai tsada tun da, a ajiye ta don ranar gasa ko don damina lokacin da ciyawa ta rufe fili.

Sauran aikin kulawa ne, kuma ba ya cin kuɗi. Minti goma na share tushiya da tsidau kafin a fara wasa ya fi kowace irin fata kare ƙwallo daga huda. A jiƙa allurar famfo kafin a soka ta. A goge ƙura da ɗanyen tsumma bayan wasa. Kada a zauna a kanta, kada a bar ta a rana ko a kan rufin kwano, kuma a kai ta wurin ɗinki tun zare ɗaya ne ya tsinke, kafin bilada ta leƙo. Da damina ta sauka fili ya yi laushi, sai a ɗan ƙara mata iska, domin filin ya canza, lissafin ma ya canza.